Shatin Yatsa a Allon Sauka

Fagge, Kano
Laraba, 6 ga Maris, 2024

Zuwa ga maigidana, Oga Nwabueze,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Madam Bridget da su Ifunanya. Yaya ƙafa, yaya kuma kunnen? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, tunda tsakanin Fagge da Sabon Gari ko minti goma ba a yi a adaidaita-sahu. Na tuna ne waya ba ta yi maka daɗi tun da kunnen ya yi nauyi, ni kuma ayyuka sun ɗan riƙe ni. Ƙanwata Ummakulsum, wadda take aikin jinya a asibitin bayan shagonka, ita za ta kawo maka, ita ce kuma za ta karɓo amsa idan ka samu sukuni.

Wata matsala ce ta same ni. Makarantar Islamiyyar mahaifina, Malam Almu, ta yi walimar saukar Alƙur'ani ranar Lahadin da ta wuce. Ɗalibai arba'in da uku ne suka sauke. Ni aka ba aikin kyautar da za a ba kowannensu: ɗan allo na roba, tsawon tafin hannu, da sunan ɗalibi da na makaranta a jiki, a yi masa ruwan gwal. Robar mai kyau ce, irin wadda take karɓar asid, ba ta bola da aka narke ba. Na wanke su da soda, na sa su a bahon asid ya ci fuskarsu, na ɗauraye, na tsoma su a ruwan kamu mai sa ƙarfe ya kama roba, sannan nikel, sannan jan ƙarfe, gwal daga ƙarshe. Ranar Asabar da na jera su a kan tebur, wallahi ko kai ka gani sai ka gyaɗa kai.

Ranar walima aka shimfiɗa su a gefen rumfa tun safe, rana ta buge su. Kafin a zo rabon kyauta sun fara yin ƙuraje. Yarinyar farko da aka miƙa wa nata, tana shafa shi gwal ɗin ya taso kamar ɓawon albasa, ya manne mata a yatsu. Ta tsaya a gaban jama'a tana kallon hannunta. Cikin arba'in da uku babu wanda ya tsira.

Tambayata, Oga, me yake sa ƙarfe ya hau roba lafiya lau, sannan bayan kwana ɗaya ya tashi? Kuma za a iya ceto su, ko sai an sake sababbi? Yaran suna jira, iyayensu suna tambaya.

Ka gaishe mini da Madam.

Yaronka,
Sadisu Almu


Sabon Gari
Juma'a, 8 ga Maris

Sadisu ɗan Malam,

Na gaishe ka. Takardarka ta iso. Ƙafa tana nan tana yi mini gardama, kunne kuwa rabi ya tafi hutu. Amma ka san Kano, maganar da ba ka so ka ji ita ake ɗaga murya a faɗa maka.

Ka cika mini shafi guda. Ka lissafa soda, ka lissafa asid, ka lissafa nikel da gwal, har da yarinya mai kallon hannunta. Abu ɗaya ka manta ka saka, lasifika.

Ranar Litinin Alhaji Usaid mai kamfanin gadaje ya zo da kansa. Ka san shi, shekara goma sha tara yana kawo mini mariƙan durowa da kwalliyar gado, kai ma ka sha wanke masa su. Bai zauna ba. Ya sa aka kwashe buhu shida na kayansa da ban ma fara ba. Na ce lafiya? Ya matso kusa da kunnena mai rai ya ce, “Yaronka da ka koyar ya faɗa a lasifika, gaban iyayen yara, cewa ruwan kamun da ka sayar masa gauraye ne.” Ashe shi ne shugaban kwamitin iyaye a makarantarku. Jiya kuma mai kofunan gasar makarantu ya aiko a ce mini in dakata tukuna.

To bari in tuna maka. Jarka ɗaya aka kawo mini daga Legas a watan Janairu. A gabanka na raba ta biyu, ka ɗauki rabi. Da ɗaya rabin na yi kofunan ƙwallon matasan cocinmu, suna nan yara suna jifa da su, ko ƙwarzane babu.

Ka tambaye ni abin da ka sani tun kana share mini shago. Roba ba ta son ƙarfe, ƙarfe ba ya son roba. Aikinmu duka shi ne shirya fuskar robar: soda ta cire maiƙo, asid ya huda mata ƙananan ramukan da ido ba ya gani, ruwan kamu ya shiga ramukan ya zauna, sannan ƙarfe ya samu abin riƙewa. Idan ƙarfe ya tashi, koma baya ka nemi abin da ya shiga tsakani. Kuma a duk lissafin nan naka ban ga gwajin ruwa ba. Sau nawa na ce maka kafin kaya su shiga ruwan kamu ka tsoma su a ruwa mai tsabta ka ɗaga ka duba? Idan ruwan ya kwanta shimfiɗe, fuska ta shirya. Idan ya tattaru ɗigo-ɗigo, akwai maiƙo, koma soda. Ka yi ko ba ka yi ba?

Aiko mini da allo ɗaya. Kada ka goge shi, kada ka ɓare komai, naɗe shi a takarda yadda yake.

Madam ba ta amsa gaisuwar ba. Gara in faɗa maka gaskiya.

Nwabueze


Fagge
Lahadi, 10 ga Maris

Maigida,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin in fara.

Gaskiya ne, na faɗa. Na rubuta maka takardar farko ina fatan maganar ba ta tsallaka titi ba, in samu in gyara allunan a rufe zancen. Da na karanta amsarka sai da na rufe shago na zauna a ciki, don ji nake kamar duk mai wucewa ya san abin da ke cikinta.

Ga yadda aka yi. Da gwal ya tashi a hannun yarinyar sai wuri ya ɗauki guna-guni. Alhaji Usaid yana riƙe da abin magana, ya kira sunana, ya ce in fito in yi wa iyaye bayani. Na fito. Na duba na ga mahaifina zaune a sahun gaba tsakanin malaman da ya gayyato daga cikin gari, ya sunkuyar da kai. Sai kawai na ji bakina yana cewa ruwan kamun da aka sayar mini ne ba shi da kyau. Alhaji ya ce wa ya sayar maka? Na faɗi sunanka. Ban shirya ba, ban yi tunani ba, amma na faɗa, kuma kowa ya ji.

Gwajin ruwa ban yi ba. Lokaci ne ya ƙure mini.

Ga allon nan a hannun Ummakulsum, na wata yarinya ce Raudha. Babu aya a jikinsa, sunaye ne kawai, saboda haka ka ɓare shi yadda ka ga dama.

Gobe muke sa ran tashi da azumi. Don Allah ka yafe mini kafin in shiga watan nan da hakkinka a wuyana.

Yaronka mai kunyar haɗa ido da kai,
Sadisu


Sabon Gari
Laraba, 13 ga Maris

Sadisu,

Barka da shan ruwa. Allon Raudha ya iso, kuma ya fi ka faɗin gaskiya.

Na kai shi bakin taga, na sa gilashin nan nawa mai ƙara girma, na bi shi da bakin reza a hankali. Gefunansa, da wajen hujin da ka rataye shi, ƙarfen ya kama kam, reza ta kusa karyewa bai ɗaga ba. Da ruwana ne ya lalace da ko'ina ya tashi, don ruwa ba ya zaɓen wuri. Inda ya tashi kuwa, bari in zana maka: a baya shatin yatsu huɗu a jere, a gaba shatin babban yatsa, sannan wata doguwar shafa daga dama zuwa hagu a kan sunan yarinyar. Wani ya ɗauki allon nan da hannu tsirara bayan asid ya gama cinsa, hannun kuma da maiƙo, ko man shafawa ko turare. Bai tsaya a ɗauka ba, har shafa shi ya yi.

Kuma ba hannunka ba ne. Babban yatsanka na dama na san shi, ni na kai ka aka ɗinke shi ranar da injin goge ƙarfe ya tsaga maka shi. Tabon nan ko a kofin shayi yana fita. Wannan yatsan ya fi naka faɗi, babu tabo. Ban da haka, shekara goma sha ɗaya kana wurina, ko sau ɗaya ban taɓa kama ka ka taɓa kaya babu safar hannu ba. Kai ne ma mai yi wa baƙi tsawa idan sun matso tebur.

“Lokaci ya ƙure.” Haba Sadisu. Gwajin ruwa numfashi biyu ne. Ka tsallake shi ne don ka riga ka san abin da zai nuna maka.

Ka nemi in yafe maka. Bari ka fara jin abin da kake nema a yafe. Buhunan Alhaji Usaid ba su dame ni sosai ba, kaya suna zuwa suna tafiya. A Sabon Garin nan aka haife ni, a nan ubana ya yi ƙira ya mutu. Shekara talatin da huɗu ina wannan aiki, abin da na tara shi ne idan aka ce Nwabueze ne ya yi, ba a sake dubawa. Shekaranjiya Bridget ta je sayen kayan miya, wata ta nuna ta da baki ta ce wa ƙawarta, “Matar mai jabun nan ce.” Ta dawo ta ajiye kwando ta shiga ɗaki, ba ta dafa komai ba. Matar nan ita ce ta ware tukunya daban saboda kai, ba ta sayen nama sai wurin mahaucin da ka nuna mata, ita ce take tuna maka lokacin salla idan aiki ya ɗauke maka hankali. Da ka tashi buɗe shagonka na yaye ka yadda muke yaye ɗan gida a wurinmu, baho biyu da injin wuta, ita kuma ta yi girki aka ci aka sa maka albarka. Ta tambaye ni me muka yi maka.

Saboda haka ga tambaya ɗaya, kada kuma ka sake cika mini shafi da soda da asid. Hannun wa ne? Wa kake rufa wa asiri da sunana?

Nwabueze


Fagge
Asabar, 16 ga Maris

Maigida,

Ina gaisuwa. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Hannun mahaifina ne.

Ka san gidanmu gidan karatu ne. Yayyena biyu malamai ne, ɗaya yana koyarwa a jami'a. Ni kaɗai na bar littafi na bi sana'a, sana'ar ma a Sabon Gari. Malam bai taɓa zagina a kai ba, amma bai taɓa tambayata yaya aiki ba. Idan baƙi suka zo yana nuna 'ya'yansa, idan ya zo kaina sai ya ce, “Wannan kuma Sadisu ne,” ya wuce. Shekara goma sha huɗu ke nan, bai taɓa taka inda nake aiki ba. Da ya kira ni ya ce ni zan yi kyautar sauka ta bana, ban san lokacin da na ce kyauta zan yi ba.

Ranar Juma'a, saura kwana biyu walima, na fito da allunan daga asid, na ɗauraye su, na rataye su a jere suna tsane ruwa. Sai na ji sallama. Malam ne, daga masallaci yake, da farar babbar riga, ya sha turaren nan nasa na mai da yake murzawa a tafin hannu da gemu duk Juma'a. Ya ce ya biyo ne ya ga kayan yaransa. Oga, na rasa inda zan sa kaina don murna. Na cire safar hannu na durƙusa na gaishe shi, na share masa benci.

Bai zauna ba. Ya nufi allunan, ya ciro na farko, ya karanta sunan yaron, ya yi bisimilla, ya shafa shi ya yi masa addu'a, ya mayar. Ya ciro na biyu. Ina tsaye a bayansa, maganar tana bakina: Baba, ba a taɓawa. Kalma huɗu. Da wani ne da tuni na daka masa tsawa. Amma a gidanmu ba a ce wa Malam kada ka yi. Ban taɓa ji wani ya faɗa ba, ko mahaifiyarmu. Haka na tsaya ina kallo ya bi su ɗaya bayan ɗaya har arba'in da uku, kowanne da addu'arsa, wani ma ya tsaya ya ba ni labarin wahalar da yaron ya sha a hadda.

Na ce a raina ba komai, idan ya tafi na mayar da su soda. Sai ya zauna a bencin ya gyara riga ya ce, “To ci gaba mana, in ga yadda roba take zama gwal.” Idan na kwashe su na mayar bahon wanki a gabansa zai tambaye ni dalili, ba ya barin abu ya wuce bai tambaya ba. Me zan ce? Hannunka da ka yi addu'a da shi ne ya ƙazantar da su? Na tsallake gwajin ruwa, kamar yadda ka gane. Na zuba su a ruwan kamu ina roƙon Allah ya sa turaren bai yi yawa ba. Ƙarfe ya hau sumul. Da na ɗago na farko daga bahon nikel yana ƙyalli, Malam ya miƙe tsaye ya ce, “Ikon Allah! Ashe wannan ma ilimi ne.” Ya dafa kafaɗata. Tun ina yaro rabon da ya dafa ni.

Bayan ya tafi zan iya narke ƙarfen in faro daga farko, da na sha wahala amma da na gama kafin Lahadi. Ban yi ba. Na ga sun yi kyau, na yaudari kaina. Wannan kam ba kunyar Malam ba ce, ganganci ne nawa.

Akwai kuma abin da ban faɗa maka ba, wanda ya fi komai ci mini rai. Da na ambaci sunanka a lasifika, wani daga baya ya ce, “Ai ka san halinsu.” Wasu suka yi dariya. Abin magana yana hannuna. Na san da wa yake, na san kuma na ci tuwon gidanka shekara goma sha ɗaya. Duk da haka na miƙa wa Alhaji abinsa na koma na zauna.

Har yau Malam bai sani ba. Jiya da shan ruwa ma yana ba ni haƙuri, wai in riƙa lura da wurin da nake sayen kaya.

Ka faɗa mini abin da zan yi. Zan iya zuwa wurin Alhaji Usaid a keɓe in ce kuskurena ne wajen wanki, ba sai an sa sunan Malam ba.

Yaronka,
Sadisu


Sabon Gari
Talata, 19 ga Maris

Sadisu,

Na gaishe ka. Na karanta, na sake karantawa, na kuma karanta wa Bridget.

Laifinka na farko, na jin nauyin mahaifinka, na gane shi. Ni ma na yi uba, kuma da ya ɗauki guduma a karkace ba ni zan gyara masa ba. Da ka zo ranar Asabar ɗin ka ce Oga ga abin da ya faru, da mun tuɓe ƙarfen tare, da yanzu muna dariya. Na biyun kuwa, wanda ka yi a lasifika, ba ladabi ba ne. Ka duba wurin nan kaf ka nemi wanda ba ya nan, wanda idan aka ɗora masa kowa zai yarda, ka same ni. Ka san za su yarda. Wannan ne yake hana ni cin abinci.

A keɓe? A'a. Mutum ɗari biyu suka ji, ka je ka raɗa wa mutum ɗaya? Ban ce ka tozarta mahaifinka ba, bai san komai ba, addu'a ya yi. Yadda za ka yi da sunansa tsakaninka da shi ne. Ni dai sunana a lasifika ka ɓata shi, a lasifika za ka wanke shi. Kuma ka fara faɗa wa Malam da bakinka kafin ya ji a gari, dattijo ne, kada ka bar shi yana zagin marar laifi a zuciyarsa cikin azumi.

Kada ka sake rubuto mini sai ka yi.

Nwabueze


Fagge, Kano
Lahadi, 24 ga Maris

Zuwa ga Malam Nwabueze, mai sana'ar ruwan ƙarfe a Sabon Gari,

Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ni ne Almu, mahaifin Sadisu. Hannuna ya fi sabawa da ajami, shi ya sa 'yata Ummakulsum take rubutawa ina faɗa mata.

Ba mu taɓa haɗuwa ba, wannan ma laifina ne. Mutum ya riƙe maka ɗa shekara goma sha ɗaya, ya ciyar da shi, ya ba shi abin dogaro, ba ka taɓa zuwa ka ce masa sannu ba.

Ranar Alhamis Sadisu ya same ni ya faɗa mini komai, ya nuna mini takardunka. Shekara arba'in ina koya wa 'ya'yan mutane cewa ƙazafi yana cikin manyan zunubai, ashe a gidana na raini ɗan da ya fi jin sauƙin yi wa mutum ƙazafi a kan ya ce mini “Baba, ba a taɓawa.” Na ɗauka kwarjini ne nake da shi a gida. Yanzu ban san sunan da zan ba shi ba, kuma ina jin kunyarsa ƙwarai.

Kullum bayan la'asar ina karanta tafsiri a harabar makaranta, iyayen yara da yawa suna zuwa. Jiya kafin in buɗe littafi na sa aka kunna lasifika. Na ce musu hannun da ya ɓata allunan nawa ne, na ɗaga shi suka gani. Sadisu ya so a ɓoye wannan, na ƙi. Sannan ya tashi ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi maka, kayanka ba su da aibi, kai ne ka koya masa duk abin da ya iya. Ya kuma ce wanda ya yi maganar “halinsu” ranar nan ya ji tsoron Allah. Na bar shi ya faɗa shi kaɗai, ban taimake shi ba. Alhaji Usaid yana wurin, ya ce zai zo ya same ka.

Ba zan ɓoye maka ba, mutanen jiya ba su kai rabin na ranar walima ba. Baƙin da suka zo daga nesa sun tafi da ƙaryar, ban san yadda zan bi su in karɓo ta ba. Wanda na san gidansa zan aika masa.

Ina neman izini in zo gidanka, ni da yaron, mu ba ka haƙuri kai da uwargidanka. Ka zaɓi ranar da ta yi maka.

Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya.

Almu ɗan Muhammadu


Sabon Gari
Talata, 26 ga Maris

Malam,

Na gaishe ka da girmamawa, barka da shan ruwa. Takardarka ta sa na cire hula.

Ka zo ranar Asabar da hantsi, Ummakulsum ta san ƙofar. Ka taho da allunan duka, zan tuɓe su in sake su da hannuna kafin Salla. Yaran ba su yi wa kowa laifi ba.

Amma ka zo kai kaɗai, Malam. Na tambayi Bridget ko za ta iya ganin Sadisu, ta ce tukuna. Na tambayi kaina, ni ma haka.

Naka,
Nwabueze